A rufe taga ko a buɗe? Ƙurar cikin gida da iskar da ake shaƙa lokacin sanyi

Da zarar sanyi ya kankama, shawarwari iri biyu kan fara yawo a bakin mutane, kuma kowacce tana da masana a bayanta. Ta farko ta ce a rufe ƙofofi da tagogi, a toshe duk wata kafa, kada ƙura da sanyi su shigo. Ta biyu ta ce a riƙa buɗe taga kullum, domin iskar ɗakin da ke rufe ta fi ta waje cutarwa. Wanda ke da jariri a gida, ga kuma tsohuwa mai fama da tari, sai ya rasa wacce zai kama. Gaba kura, baya sayaki.

Sauye-sauyen ƙa'idoji na shekarun nan sun ƙara wa mutane ruɗani. A watan Satumban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake fitar da ma'aunin ingancin iska, karon farko tun 2005, inda ta rage iyakar ƙura mafi laushi da kashi hamsin cikin ɗari. A 2024 Amurka ta sauke nata ma'aunin, Tarayyar Turai ma ta amince da sabuwar iyakar da za a cimma nan da 2030. Sai dai dokokin ƙasashe galibi iskar titi suke aunawa. Babu jami'in da ke zuwa ya auna iskar ɗakin kwana, alhali a cikin gine-gine mafi yawan mutane ke ƙarar da yininsu da darensu. Wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna mutum kan shafe kusan kashi 90 cikin ɗari na lokacinsa a ciki. Babban mutum kuwa kan shaƙi iska sama da lita dubu goma a kowace rana.

Ba duk ƙura ce ɗaya ba

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaki da hantsi, hasken rana ya ratso ta tsagar labule, ya ga ƴan ƙwayoyi na shawagi a cikin hasken. Idan aka buga matashi sai su ninka, su yi ta juyawa, bayan ɗan lokaci su lafa. Waɗannan su ne manyan, kuma su ne suka fi sauƙin sha'ani, domin gashin hanci da majina kan tare akasarinsu.

Masana na auna ƙura da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum ya kai maikuromita 50 zuwa 70. Ƙurar da ba ta wuce maikuromita 10 ba ana kiranta PM10, kuma tana iya wuce hanci ta shiga maƙogwaro da hanyoyin numfashi. Wadda ba ta wuce 2.5 ba ita ce PM2.5. Ido ba ya ganinta, tana kaiwa can ƙarshen huhu inda iska ke haɗuwa da jini, mafi ƙanƙanta daga cikinta ma kan ratsa cikin jinin. Shi ya sa illarta ba ta tsaya ga tari da asma ba, an danganta ta da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da sankarar huhu.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce matsakaicin PM2.5 na shekara kada ya wuce maikurogiram 5 a kowace kiyubik mita ta iska (a ɗauka akwati ne mai tsawo, faɗi da tsayi mita ɗaya-ɗaya), maimakon 10 na da. Na yini guda kuma kada ya wuce 15. A ma'aunin shekara, Amurka ta sauko daga 12 zuwa 9 a 2024, Turai kuma za ta sauko daga 25 zuwa 10. Hukumar ta bayyana cewa ma'auninta ya shafi iskar ciki da ta waje baki ɗaya.

Bambancin girman nan shi ne ke yanke yadda za a yaƙi kowacce. Ƙwaya mai maikuromita 10 kan sauka ƙasa cikin mintoci, don haka tsumma da shara ne maganinta. Mai maikuromita 1 kuwa kan yi sa'o'i tana yawo ba ta sauka ba, tsumma ba zai taɓa cimmata ba. Ɗaki na iya zama fes, ana goge shi safe da yamma, amma iskarsa cike da hayaƙin da ba a gani.

Ita ƙurar da ke kwanciya a kan tebur haɗin gambiza ce: zaren tufafi da na bargo, ɓarɓashin fatar mutum, gashin dabbobin gida, ƙasar da takalma suka kwaso, garin furanni, toka, ragowar ƙwari. Akwai maganar da aka saba ji cewa akasarinta matacciyar fatar mutane ce, amma bincike bai goyi bayan haka ba. Masu bincike a Jami'ar Arizona sun ƙiyasta a 2009 cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari daga waje take shigowa, ta ƙofa, ta taga, da kuma ƙarƙashin takalmi.

Abin da sanyi ke canzawa

Abu na farko shi ne rufe gida. Da zafi iska na shiga tana fita ba tare da kowa ya kula ba. Da sanyi kuwa duk abin da aka saki a ɗaki, tururin girki ne, hayaƙin taba ne, numfashin mai mura ne, nan zai zauna tare da mutane. Wannan matsala tana da tarihi. Bayan tsadar man fetur ta 1973, ƙasashe masu sanyi sun duƙufa wajen toshe gine-gine don a rage kuɗin ɗumama su. Ba a jima ba ma'aikatan ofisoshi suka fara kukan ciwon kai, ƙaiƙayin ido da kasala, waɗanda kan tafi da zarar sun bar ginin. Dole aka koma aka ƙara yawan iskar da ake shigarwa.

Na biyu shi ne ƙone-ƙone. Itace, gawayi, kwal, kananzir da gas duk aikinsu na ƙaruwa da sanyi, kuma duk abin da ke ci da wuta yana fitar da ƙura mai laushi ko iskar gas mai illa, ko duka biyun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara ƴan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Sama da mutum biliyan biyu ne har yanzu ke girki da makamashi mai hayaƙi.

Na uku ya shafi iskar waje ita kanta. A daren sanyi marar iska, ƙasa kan huce da sauri, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi kuma ta hau samanta ta danne ta kamar murfin tukunya. Hayaƙin motoci da na murhu sai ya rasa hanyar tashi. Haka ya faru a Landan a watan Disamban 1952, inda hazon hayaƙin kwal ya kwanta a birnin na kwana biyar. Da farko an ƙirga mutum kimanin 4,000 da suka mutu, binciken baya ya kai adadin zuwa kusan 12,000, kuma daga nan aka samu dokar tsaftar iska ta 1956. Irin wannan murfi ne ke kwanciya a kan birnin Delhi duk ƙarshen shekara. A wasu yankunan kuma iskar lokacin sanyi ƙurar hamada take kwasowa. Kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, wanda ake ɗauka a matsayin wuri guda mafi fitar da ƙura a duniya, a watannin sanyi ya fi tashi.

Rigimar taga

Masu cewa a buɗe suna da hujja tsohuwa. Tun a 1858 wani masanin tsafta Bajamushe, Max von Pettenkofer, ya ba da shawarar cewa iskar kabon dayoksayid da mutane ke fitarwa kada ta wuce kashi 1,000 cikin miliyan a ɗaki. A waje yau tana kusan 420. Ɗakin da mutum biyu ko uku suka kwana a ciki a rufe ruf kan zarce iyakar Pettenkofer tun kafin asuba. Ita wannan iskar ba guba ba ce a wannan mataki, alama ce kawai ta cewa iskar ɗakin ta tsufa, an shaƙe ta an sake shaƙa, kuma duk wata ƙwayar cuta ko tururi da ke ciki na nan. Annobar korona ta ƙarfafa wannan ɓangare, har hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawara a 2023 cewa a yi ƙoƙarin sauya iskar ɗakin da jama'a ke zama sau biyar a sa'a guda.

Masu cewa a rufe su ma ba da ka suke magana ba. Gidan da ke bakin babban titi, ko kusa da inda ake ƙona shara, ko a garin da hazo ya rufe, idan ya buɗe taga datti ya gayyato. Sanyin kansa cuta ne ga tsofaffi da masu ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a ƙasashe masu sanyi ɗumin cikin gida kada ya gaza digiri 18 a ma'aunin Salshiyos.

Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Abin dubawa shi ne a wannan sa'ar ina dattin ya fi yawa, ciki ko waje. Lokacin girki, bayan shara, bayan wanka, ko da aka tashi da safe a ɗakin da aka kwana, ciki ya fi. Lokacin cunkoson motoci, ko ranar da hazo ya hana ganin ƙarshen layi, ko da dare sa'ad da maƙwabta suka hura wuta kuma iska ta tsaya cik, waje ya fi. Galibi tsakar rana ce lokacin da murfin nan ke ɗagawa, iskar gari ta ɗan washe.

Yadda ake buɗewar ma yana da tasiri. A wangale tagogi biyu masu fuskantar juna na minti biyar zuwa goma ya fi a bar taga ɗaya a ɗan sage yini guda. Dalili shi ne ɗumin ɗaki a bango, daɓe da kayan ɗaki yake ajiye, iskar kanta kaɗan take riƙewa. Gajeriyar buɗewa na sauya iskar ba tare da bangon ya huce ba, doguwar sagewa kuwa tana sanyaya bangon sannu a hankali, kuma iskar da take sauyawa ba ta taka kara ta karya ba.

Wuta a ɗaki rufe

Akwai wuri guda da babu saɓani a kansa. Duk makamashin da ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba yana fitar da kabon monoksayid, iskar da ba ta da launi, ba ta da wari. Tana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da wani abu, ta hana shi kai oksijin ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Alamominta na farko, ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sun yi kama da na mura, kuma mai barci ba ya ma jin su. Abin lura shi ne idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, suka kuma ji sauƙi da suka fita waje.

Gawayi ya fi yaudara, domin idan ya ruru ya yi ja ba ya hayaƙi, sai a ɗauka ya zama lafiya a shigar da kaskon ɗaki a rufe ƙofa. A daidai lokacin ne yake fitar da gubar ba tare da wata alama ba. Haka janareta a cikin gida, ko a baranda kusa da taga, haka hitar kananzir ko ta gas marar bututun hayaƙi. A nan shawarar a toshe kafofi don gudun sanyi ta zama garin neman gira a rasa ido. Ƙaramar na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska ta zama dole a dokar gidajen haya na wasu ƙasashe.

Ƙananan wutace ma ba a raina su. Kyandir, turaren ƙonawa da maganin sauro mai hayaƙi duk suna cika ɗaki da PM2.5. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gano cewa naɗin maganin sauro guda ɗaya na iya fitar da ƙura mai laushi daidai da ta karan sigari 75 zuwa 137. Wannan lissafin nauyin ƙurar ne, ba ya nufin illarsu ɗaya da ta taba, amma ya isa ya nuna abin da ke taruwa a ɗakin da aka rufe. Murhun gas ya fi itace da gawayi tsafta nesa ba kusa ba, duk da haka yana fitar da iskar naitirojin dayoksayid mai tayar da asma, suya kuma a kan kowane irin murhu tana watsa ƙwayoyin mai a iska. Fankar da ke zuƙe tururi ta fitar waje, ko taga a buɗe yayin girki, ita ce maganin wannan.

Tsintsiya, tsumma da takalmi

Busasshiyar shara a ɗaki rufe kwashe manyan take yi, ta tayar da ƙananan. Haka kaɗe kujera da busasshen ƙyalle: ƙurar ta bar kujera ta koma iska, daga iska ta shiga hanci, ragowar ta dawo kan kujerar bayan sa'a guda. An gudu ba a tsira ba. Tsumma mai ɗan danshi shi ke kama ƙura ya riƙe, a wanke shi a zubar da ruwan. Ana farawa daga sama, kan kabad, fikafikan fanka, saman ƙofa, a gama da daɓe. Idan tsintsiya ce kaɗai a hannu, yayyafa ruwa kafin shara da buɗe taga na rage abin da ke tashi, kuma ya kamata mai asma da jariri su bar ɗakin har ƙurar ta lafa.

Injin zuƙe ƙura yana da amfani, musamman ga kafet, amma ya danganta da matatarsa. Wanda matatarsa ba ta da kyau kan zuƙi ƙura ta gaba ya feso mai laushin ta baya. Warin ƙura da ake ji bayan an kashe injin shaida ce.

Tunda fiye da rabin ƙurar daga waje take, tare ta a bakin ƙofa ya fi sauƙi a kan korarta. Cire takalmi da ajiye abin goge ƙafa ciki da wajen ƙofa suna rage ba ƙasa kaɗai ba, har da abin da ke cikinta, kamar dalma da ragowar maganin ƙwari. Dalma ta cancanci a ambace ta daban. Tsohon fenti mai dalma, wanda Amurka ta haramta a gidaje tun 1978 amma ƙasashe da dama suka jima suna amfani da shi, kan ɓarɓashe ya zama ƙura a gindin taga. Yaro mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka tabbatar ba ya cutarwa.

Ƙwarin da ke cikin katifa

Shekaru da dama likitoci sun san ƙurar gida na tayar wa wasu mutane atishawa da asma, amma ba su san mene ne a cikinta ke yin haka ba. A 1964 masu bincike a birnin Leiden na ƙasar Holan, Reindert Voorhorst da Frits Spieksma, suka gano wani ɗan ƙwaro ne, dangin kaska da gizo-gizo, wanda tsawonsa bai kai rabin milimita ba. Ba ya cizo. Ɓarɓashin fatar mutum yake ci, kuma kashinsa ne ke tayar da cutar. Mazauninsa katifa, matashi, bargo, kafet da kujerun yadi. Ba ya shan ruwa, daga iska yake tsotsar danshi, don haka idan laimar iska ta daɗe ƙasa da kashi 50 cikin ɗari sai ya bushe ya mutu. Amma cikin bargon da mutum ya kwana yana numfashi yana gumi, yana samun abin da yake so ko da ɗakin a bushe yake.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a wanke zanen gado duk mako da ruwa mai zafin digiri 60, a sa wa katifa da matashi rigar da ƙwaron ba ya ratsawa, a yaye bargo da safe gadon ya sha iska kafin a gyara. Bargon da aka ciro daga ajiya bayan watanni ma gara a wanke ko a shanya shi a waje kafin a rufa.

Sai dai masana sun rabu kan ko duk wannan na rage asma. Wani bita da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya ta tantance shi, ta fitar a 2008, wanda ya tattara gwaje-gwaje 54, bai ga wani sauƙi da masu asma suka samu daga matakan yaƙi da ƙwaron ba. A gefe guda, wani gwaji da aka wallafa a 2004 kan yara 937 a birane bakwai na Amurka ya nuna raguwar kwanakin ciwo a gidajen da aka haɗa matakai da yawa lokaci guda: rigar katifa, injin shara mai kyakkyawar matata, na'urar tace iska, kashe kyankyasai da hana shan taba a ɗaki, kowane gida gwargwadon abin da ke tayar wa yaronsa ciwo. Abin da za a iya ɗauka daga biyun shi ne mataki ɗaya tilo ba kasafai yake isa ba, kuma wanda gwaji bai nuna ƙwaron ne ke damunsa ba, sayen rigar katifa mai tsada ba lallai ya amfane shi ba.

Akwai ma masu ganin tsafta na iya yin yawa. Tun 1989 likitan Birtaniya David Strachan ya lura cewa yaran da suka tashi cikin ƴan'uwa da yawa ba su cika kamuwa da atishawar garin furanni ba, binciken baya kuma ya nuna yaran da suka girma kusa da dabbobin gona asma ba ta cika kama su ba. Wannan magana ce kan ƙwayoyin halittar da jikin yaro ke sabawa da su tun yana ƙarami. Ba ta wanke hayaƙi, dalma ko fumfuna ba.

Bushewa da laima

Iska mai sanyi ruwa kaɗan take iya ɗauka. A digiri sifili kiyubik mita ɗaya ba ta riƙe fiye da giram 5 na tururi, a digiri 20 kuwa tana riƙe kusan 17. Idan iskar waje mai sanyi ta shigo aka ɗumama ta, ruwan da ke cikinta bai ƙaru ba amma cikinta ya faɗaɗa, sai laimarta ta faɗo ƙasa da kashi 30. Daga nan ne kaushin fata, tsagewar leɓe, haɓo da bushewar maƙogwaro ke fitowa. Busasshen hanci kuma ba ya tare ƙura yadda ya kamata.

Amma gida ɗaya na iya fama da kishiyar wannan. Tururin girki, wanka, numfashi da wankin da aka shanya a ɗaki, idan suka rasa mafita, kan sauka a wuri mafi sanyi. Da safe sai a ga gilashin taga ya yi raɓa, ruwa na gangarowa yana taruwa a gindinsa. Bayan makonni, in aka janye kabad daga jikin bango, sai a tarar da baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kusurwa da warin ruma. Fumfuna ke nan. A 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a garin Rochdale na Ingila, kuma binciken kotu ya tabbatar da cewa daɗewa cikin fumfunar gidan hayar da suke ciki ce sanadi. Lamarin ya kai ga dokar da ta tilasta wa masu gidajen hayar jama'a gyara irin wannan matsala cikin ƙayyadadden lokaci.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da shawarar laima tsakanin kashi 30 zuwa 50. Ƙaramin ma'aunin laima shi ke nuna wa mutum ɓangaren da yake, kafin ya sayi na'urar ƙara danshi alhali cirewa yake buƙata. Ita na'urar ƙara danshin tana da nata sharuɗɗa. Mai fesa hazo mai sanyi, idan aka zuba mata ruwan famfo, gishirin da ke cikin ruwan take watsawa ya zama farar ƙura mai laushi. Idan ba a wanke ta ba ƙwayoyin cuta take fesawa. Zuba mata sinadari kuwa haɗari ne: a Koriya ta Kudu an gano a 2011 cewa wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a irin waɗannan na'urori ya lalata huhun mutane, ɗaruruwa suka mutu, da yawansu jarirai da mata masu ciki.

Na'urori da tsirrai

Matatar HEPA, wato matatar ƙura mai laushi da ake sa wa na'urorin tace iska, wadda aka ƙirƙiro a shekarun 1940, tana kama aƙalla kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu maikuromita 0.3. Wannan adadi ne ƴan kasuwa ke rubutawa da manyan baƙaƙe, amma ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne yawan iskar da na'urar ke tacewa a sa'a. Ɗaki mai mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a tsayi yana ɗauke da kiyubik mita 48. In ana son a tace iskarsa sau biyar a sa'a, ana buƙatar na'urar da ke tace kiyubik mita 240 a sa'a. Ƴar ƙaramar da ake ɗorawa kan tebur ba za ta yi ko kusa ba. Kuma HEPA ƙura kaɗai take kamawa, ba ta cire kabon monoksayid, ba ta sabunta iskar da ta tsufa. A lokacin korona wani tsari mai rahusa ya yaɗu, wanda ake kira akwatin Corsi da Rosenthal: matatu huɗu a haɗa su kamar akwati, a ɗora fanka a sama. Gwaje-gwaje sun nuna yana gogayya da na'urori masu tsada.

Na'urorin da ke fitar da iskar ozon da sunan kashe wari kuwa hukumomin lafiya na gargaɗi a kansu, domin ozon kansa yana ƙona hanyoyin numfashi. Jihar Kalifoniya ta sa iyaka ga adadin da na'ura za ta iya fitarwa. Turaren fesawa ma rufe wari yake yi, ya ƙara wa iskar wasu sinadaran.

Maganar da ake yi cewa tsirran da ake ajiyewa a ɗaki suna tsaftace iska ta samo asali ne daga wani gwajin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, na 1989, wanda aka yi a cikin ƙananan akwatuna rufaffu. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel suka sake duba gwaje-gwajen shekaru, suka lissafa cewa sai an jera tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shige da ficen iska na yau da kullum ke yi a gini.

Waɗanda abin ya fi shafa

Nauyin bai rabu daidai ba. Jarirai na shaƙar iska mai yawa in aka kwatanta da girman jikinsu, kuma a ƙasa suke wuni inda ƙura ke kwanciya. Tsofaffi, masu ciki, masu asma da masu ciwon zuciya su ne ke fara zuwa asibiti. Wanda ke tsaye a kan murhu, galibi mace, ya fi kowa shaƙar hayaƙi, sau da yawa da yaro a kusa.

Sabbin ma'aunan da aka ambata a farko ba za su canza iskar ɗakin kowa kai tsaye ba. Tasirinsu a hankali yake zuwa, ta hanyar dokokin hayaƙin motoci, na masana'antu, na irin murhun da aka yarda a sayar, da na gine-gine. Kafin nan, mai haya ba shi da ikon fasa bango ya sa bututun hayaƙi, kuma wanda kuɗin wuta ya fi ƙarfinsa zai toshe taga ya hura abin da ya samu. Ga irin waɗannan gidaje, masana lafiyar muhalli sun daɗe da jera matakai bisa tsari: a fara da kawar da abin da ke fitar da dattin, sannan a sauya iska, tacewa ta zo daga ƙarshe. Matakan biyu na farko, fitar da garwashi da taba daga ɗaki, barin takalmi a ƙofa, jiƙa tsumma, da wangale taga na ƴan mintoci da tsakar rana, kusan ba sa cin ko sisi. Na ukun ne ke buƙatar kuɗi, da wutar lantarki, da sabuwar matata duk bayan ƴan watanni.